Magungunan da ke buɗe ƙwayoyin gado: daga ciwon daji zuwa sikila

A cikin kowace ƙwayar halitta ta jikin ɗan Adam akwai zaren gado na DNA mai tsawon kusan mita 2, wanda ke nannaɗe a kan wasu dunƙulallun furotin da ake kira histon. Akwai sinadaran da aikinsu shi ne liƙa wa histon ɗin wata 'yar alama, methyl, kuma inda alamar ta sauka ne ke yanke ko za a karanta wannan sashe na gado ko a rufe shi. Ɗaya daga cikinsu, EZH2, mai rufewa ne. Idan ya yi aiki fiye da ƙima, yakan kulle umarnin da ke hana ƙwayar halitta hayayyafa ba birki, sai daji ya samu ƙofa.

Tunanin masana shi ne a ƙera ƙaramin sinadari, wanda za a iya haɗiya a matsayin ƙwaya, ya toshe wannan aiki. A Janairun 2020 hukumar FDA ta Amurka ta amince da tazemetostat na kamfanin Epizyme don wani nau'in dajin tsoka da ba a cika samu ba, a Yuni kuma ta ƙara da wani dajin ƙwayoyin garkuwar jiki. Alƙaluman sun isa a yi taka-tsantsan: a dajin tsokar, kashi 15 cikin ɗari ne kawai ƙarinsu ya ragu. A na biyun, kashi 69 na waɗanda EZH2 ɗinsu ya sauya sun amfana, sauran kuwa kashi 34. Wato kafin magani sai gwajin gado, ga shi nan gida ko tantance nau'in ƙari kan ɗauki makonni. Japan ta bi sahu a 2022 da valemetostat na Daiichi Sankyo, don dajin jinin da ƙwayar cutar HTLV-1 ke haddasawa, cutar da ake samu a Afirka ta Yamma ma.

Sai dai abin da ya fi shafar Nijeriya yana wajen sikila. Jariri na zuwa duniya da wani nau'in sinadarin jini, HbF, wanda ke hana jajayen ƙwayoyi lanƙwashewa. Bayan 'yan watanni jiki ya rufe shi, ciwon ya fara bayyana. Rukunin furotin da EZH2 ke cikinsa na da hannu a wannan rufewa, shi ya sa kamfanin Fulcrum ya shiga gwada maganin pociredir domin sake buɗe shi. Ga ƙasar da ta fi kowace yawan haihuwar masu sikila, wannan ba ƙaramin labari ba ne.

Amma akwai lauje cikin naɗi. A 2018 an dakatar da ɗaukar sabbin marasa lafiya a gwajin tazemetostat na wani lokaci, bayan wani yaro ya kamu da sabon dajin jini. A Fabrairun 2023 FDA ta tsayar da gwajin pociredir kan irin wannan fargaba, ta janye takunkumin a Agusta bisa sharaɗin a taƙaita shi ga masu ciwo mai tsanani. Mai dajin da ya ƙi jin magani zai iya rungumar wannan kasada. Yaro mai sikila da zai sha ƙwaya shekara da shekaru, lissafinsa daban ne.

Nan ne aikin jami'an Ma'aikatar Lafiya, NAFDAC da cibiyar NICRAT yake. Kamfanonin da ke neman masu sikila don gwaji dole su waiwayi Afirka, kuma takardar izinin za ta biyo ta teburin wani. Kamata ya yi sharaɗin farko ya zama bibiyar jinin kowane mahalarci tsawon shekaru bayan kammala gwajin, kamfanin ya ɗauki nauyin kuɗin, a kuma rubuta tun farko farashin da za a sayar wa 'yan ƙasa idan maganin ya yi nasara.