Masu sayar da maganin dabbobi, hunturu ya kama

An gama girbi, an kai dammuna rumbu, gonaki sun buɗe. Garkunan da suka yi damina a arewa, wajen Abalak da Ingal da Tanut, sun gangaro kudu suna cin kara da harawa. Tabkuna sun fara ja da baya. Shanun da ba su taɓa haɗuwa ba, yau ga su sun kafa kai cikin kwami guda a bakin rijiya, gobe kuma suna gogayya a kasuwar Dakoro ko ta Ƙonni. Da dare sanyi, da rana ƙura. Wannan shi ne lokacin da ciwon huhu ke samun hanya cikin shanu.

Maganarmu ta yau da makiyaya ce, amma ta fi shafar waɗanda ke sayar musu da magani: mai kantin maganin dabbobi a gari, da yaron da ke tsare masa kanti, da mai kai kaya kasuwannin ƙauye. Dalili kuwa a fili yake. In saniya ta fara tari, mai ita ba ya fara zuwa ma'aikatar kiwo, domin tana da nisa. Wurin mai magani yake fara tsayawa. Abin da aka gaya masa a bakin kantin nan, shi zai koma da shi ruga.

Ciwon huhu ta numfashi yake yaɗuwa. Saniya mai ciwo ta yi tari, ta kusa da ita ta shaƙa. Yana iya ɓoyewa cikin jiki sati 3, wani lokaci har watanni, kafin ya bayyana. In ya bayyana, saniya takan yi zazzaɓi, ta bar kiwo, ta koma bayan garke. Za a gan ta tsaye ta miƙe wuya, ta buɗe ƙafafun gaba, tana nishi. In an kora ta da sauri sai tari ya sarƙe ta. Mahauta sun san shi sarai: ruwa mai launin rawaya cike da ƙirji, huhu ya yi tauri ya manne da haƙarƙari. Maruƙa kuwa sau da yawa gaɓoɓinsu ne ke kumbura. Ciwon ba ya kama mutum, amma yana iya tsiyata gida cikin rani guda.

To, me ake yi a kanti? Makiyayi ya ce saniyarsa na tari, sai a miƙo masa kwalbar nan da jama'a suka fi sani da taramisin, a karɓi kuɗi, a yi sallama. Ba mu ce maganin banza ne ba. Yakan sauƙaƙa ciwon, yakan ceci rai. Amma ba ya ba da tabbacin cewa saniya ta rabu da ƙwayar cutar. Akwai wadda za ta miƙe, ta yi ƙiba, alhali cutar na kwance a wani lungu na huhunta. Ranar da yunwar bazara ko doguwar tafiya ta raunana ta, ciwon na iya farkawa, ta zuba wa sauran. Mai ita kuwa ya riga ya gode wa Allah, ko ma ya kai ta kasuwa wani ya saya ya shigar da ita garkensa.

Abin da ya fi wannan muni shi ne ruɗanin da ake bari ya zauna a zukatan mutane. Makiyaya da yawa sun ɗauka allura duk allura ce. In an yi wa shanu taramisin a farkon sanyi, sai su ce ai an yi musu rigakafi. Ba a yi ba. Magani yana yaƙi da cutar da ta riga ta shiga, bayan ƴan kwanaki ya fita daga jiki. Allurar rigakafi kuwa ga dabba mai lafiya ake yin ta, ta koya wa jiki sanin cutar tun kafin ta zo. Mai kanti ya san wannan bambanci. In ya yi shiru domin kada ciniki ya kuɓuce masa, a ganinmu ya ci amana, ko da kwalbar da ya sayar ta gaskiya ce.

Dattawanmu ba su manta da bushiya ba. Ita ce ta share garkunan ƙasar nan a shekarun 1890, ta kuma dawo ta yi ɓarna a farkon shekarun 1980. Ba da magani aka ci ƙarfinta ba. Tun daga 1962 aka fara bin shanu garke garke da allurar rigakafi a Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru, aka yi ta maimaitawa, har a 2011 aka shelanta cewa babu bushiya ko'ina a duniya. Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Allurar bushiya sau ɗaya ta ishi saniya har mutuwarta. Ta huhu ba haka take ba: kariyarta ba ta wuce kamar shekara guda. Dole a sake kowace shekara, dole kuma mafi yawan shanun yanki su samu, kamar 80 cikin 100, kafin cutar ta rasa wurin tsayawa. Shi ya sa gwamnati ke fitar da ma'aikata kowane hunturu su yi wa shanu ta huhu kyauta, tumaki da awaki kuma a yi musu ta annobarsu. Wanda ya yi bara ya ƙi yin bana, kamar wanda ya shinge gona ne ya bar ƙofa a buɗe.

Mun san abin da ke hana wasu kawo shanunsu. Akwai mai tsoron ƙidaya, tsoron da ya gada tun zamanin jangali. Akwai wanda ya taɓa ganin wurin allura ya kumbura. Wannan gaskiya ne, yakan faru ga wasu shanun, musamman waɗanda ba a taɓa yi musu ba, kuma in an sanar da ma'aikaci da wuri akwai maganinsa. Akwai kuma mai kawo rabin garke ya ɓoye masu tatsa. Duk waɗannan mutane sun fi yarda da mai kantin da suke cin bashinsa, suna shan shayi tare, bisa ga baƙon da ya zo cikin mota. Kalma guda daga bakinsa ta fi shelar rediyo goma.

Sai batun ajiya, kuma a nan ne muka fi jin tsoro. Allurar rigakafi ta huhu abu ne mai rai, zafi na kashe ta. Haka sauran da kantuna masu izini ke riƙewa, irin ta saifa da ta harbin daji da ta kaji, duka wurinsu firigo ne, tsakanin digiri 2 da 8. Sanyin hunturu yana yaudara. Da asuba mutum na rawar ɗari, amma da azahar zafi kan kai digiri 30, cikin kanti mai rufin kwano har ya fi haka. Ma'aikatar LABOCEL ta Yamai tana iya haɗa allura mai kyau, a ɗauko ta da ƙanƙara har Tawa ko Damagaram, sannan ta lalace a kilomita 20 na ƙarshe, a bayan babur, cikin aljihun riga. Launinta ba ya sauyawa, ba ta wari. Ba wanda zai sani sai ranar da shanun da aka ce an yi wa rigakafi suka fara faɗuwa. Ranar nan kuwa ba babur za a zarga ba, allurar za a zarga, ƙauye guda ya ƙi ta shekara da shekaru. Wadda ke zuwa a gari ana dama ta da ruwanta kuma, in an dama kada ta wuce awa 1 zuwa 2. Abin da ya rage a zubar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi: wanda ba shi da firigo mai aiki da akwatin ƙanƙara, ya bar sayar da allurar rigakafi.

Wani zai ce mai kanti ɗan kasuwa ne, ba malamin kiwo ba, kuma yana da iyali. Haka ne. Amma makiyayin da garkensa ya ƙare ba ya sake sayen komai. Wanda shanunsa ke da rai, shi ne zai dawo neman maganin tsutsar ciki, da na hanta bayan an yi kiwon fadama, da na kaska, da dusa da gishiri. An ga haka a Dakoro, inda tun 2003 aka fara tsarin likitan dabbobi mai zaman kansa tare da mataimakansa na ƙauyuka: kantin da ke sayar da magani, shi ne kuma ke fita aikin rigakafi.

Abin da muke roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. In an zo da maganar tari, a tambaya: shanu nawa ke yi, yaushe ya fara, an shigo da sabuwar saniya? In alamun sun yi kama da na huhu, a ce wa mai su ya ware masu ciwo, kada ya kai su rijiyar jama'a ko kasuwa, a kuma sanar da ma'aikatar kiwo, domin wannan ciwo yana cikin waɗanda doka ta wajabta a sanar. In an sayar da magani, a auna shi daidai da nauyin dabba, kada a raba na saniya ɗaya wa uku. A karanta wa makiyayi kwanakin da aka rubuta jikin kwalba, waɗanda ba a shan nono ba a cin nama a cikinsu, tun da nonon nan yaranmu ne ke sha da fura. Sannan kowane mai kanti ya je ma'aikatar kiwo ta garinsu tun cikin wannan sati, ya tambayo ranar da masu allura za su iso da wurin da za a tara shanu, ya riƙa faɗa wa duk wanda ya tsaya a gabansa ranar kasuwa.