Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Taraba Kan Kurmin Ngel Nyaki

Mai Girma Gwamna Agbu Kefas,

Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan kurmin Ngel Nyaki da ke tsaunin Mambila, kusa da ƙauyen Yelwa a Ƙaramar Hukumar Sardauna. Tun 1969 aka keɓe wurin a matsayin gandun daji mai faɗin kusan murabba'in kilomita 46, sai dai kurmin kansa ɗan yanki ne a ciki, sauran duk ciyawa ce. Irinsa kaɗan ne suka rage a tsaunukan Najeriya.

Duk wanda ya gangara ya bi bakin rafi zuwa tsakiyarsa zai taka duwatsun da gansakuka ta lulluɓe, ya ratsa inuwar da rana ba ta huda ta sai da ƙyar, har ya iso gindin manyan itatuwa dangin maɗaci, masu saiwoyi a tsaye kamar katanga, waɗanda mutum ɗaya ba ya iya rungumarsu. A kan rassan wannan kurmi ne biran cimfanzi ke shimfiɗa makwancinsu da yamma. Har daga Jami'ar Canterbury ta ƙasar Niyu Zilan masana suka zo suka kafa tashar bincike a bakin kurmin, suna aiki tare da 'ya'yan yankin.

Ranka ya daɗe, kurmin yana cinyewa daga gefe. Da rani ana cinna wa ciyawa wuta domin sabon toho, wutar ta lashi bakin kurmi. Shanu na shiga neman ruwa su tattake ƙananan itatuwa, mafarauta kuma na ɗana tarko. Makiyayi da manomi ba abokan gaba ba ne, buƙata ce ke kai su, don haka kora kaɗai ba za ta yi magani ba.

Roƙona shi ne gwamnatinka ta gyara hanyar ƙafa guda ɗaya da za ta bi rafin zuwa manyan itatuwan, da gadojin katako a mashigai, domin baƙi su daina yanka ko'ina suna take saiwoyi. A horar da matasan Yelwa su zama 'yan jagora da masu gadi, kuɗin shiga kuma a ware wa ƙauyen rabonsa. A share layin tare wuta kafin kowane rani, a yi wa shanu mashaya a wajen iyaka bisa shawarar arɗo da hakimi. A riƙa kawo ɗaliban makarantun Gembu da Nguroje su gani da idonsu.

Itacen da ya ɗauki tsawon zamani yana girma, kasafin kuɗi ba ya mayar da shi idan ya faɗi. Ina roƙon ka sa a fara wannan aiki kafin ciyawa ta bushe a bana.

Allah ya yi maka jagora.

Naka,
Mai kishin Mambila