Me Ya Sa YouTube Ke Rufe Wasu Bidiyoyi Ya Ce Shekarunka Ba Su Kai Ba?

 Da fatan ana ta bitar karatu, domin jarrabawa ba ta sallama kafin ta shigo.

A makon jiya na samu saƙo daga wata ɗaliba 'yar shekara 16 da ke aji biyu na babbar sakandare a Zariya, mai burin zama likita. Ta ce bayan malaminsu na bayoloji ya koya musu yadda zuciya ke harba jini, sai ta shiga YouTube tana neman bidiyon tiyatar zuciya don ta gani da idonta. Tana dannawa sai allon ya yi baƙi, aka rubuta mata cewa bidiyon ba na masu shekarunta ba ne. Abin da ya fi ba ta haushi shi ne, ƙaninta ɗan shekara 12 ya gwada a tasa wayar, bidiyon ya buɗe nan take. Sai ta tambaye ni: "Yaya, ko dai in canza shekarar haihuwata ne kawai in huta?"

Ƙanwata, kada ki canza. Amma tunda na san ba ke kaɗai ce wannan abu ya taɓa faruwa da ita ba, bari mu warware zancen dalla-dalla. Akwai ƙofofi biyu a waɗannan dandali, ta shekara 13 da ta shekara 18, kuma kowace da dalilin da ya sa aka kafa ta.

Ƙofar shekara 13

YouTube da TikTok da Facebook da Instagram duk sun rubuta a ƙa'idojinsu cewa sai mutum ya cika shekara 13 kafin ya buɗe asusun kansa. Da yawa suna zaton likitoci ne suka auna ƙwaƙwalwar yaro suka tsayar da wannan adadi. Asalinsa wata doka ce da Amurka ta kafa a 1998, ta fara aiki a 2000, wadda ake kira COPPA a taƙaice. Dokar ta hana kamfanonin intanet tattara bayanan yaron da bai kai shekara 13 ba, irin su sunansa da adireshinsa da hotonsa da inda yake, sai da izinin iyayensa. Bin iyayen miliyoyin yara ana neman izini aiki ne mai wahala da cin kuɗi, don haka kamfanonin suka ɗauki gajeriyar hanya, suka ce wanda bai kai 13 ba kada ma ya shigo. Da yake manyan dandalin nan duk suna kasuwanci a Amurka, sai adadin ya bi su ko'ina a duniya, har ya iso wayoyinmu.

Dokar tana da haƙora. A watan Fabrairun 2019 kamfanin TikTok ya biya tarar dala miliyan 5.7 saboda tattara bayanan yara, sannan a watan Satumba na wannan shekarar Google, mai YouTube, ya amince ya biya dala miliyan 170 a kan irin wannan laifi. Bayan wannan tara ne, daga watan Janairun 2020, YouTube ya rufe wurin tsokaci a ƙarƙashin bidiyoyin da aka yi domin yara, ya kuma daina nuna musu tallan da ke bin diddigin mai kallo. In kun taɓa lura cewa ba a iya rubuta komai a ƙarƙashin zanen katun, to dalilin ke nan. Mu ma a Najeriya, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta tanadi neman izinin iyaye ko mai riƙon yaro kafin a yi amfani da bayanansa.

Ƙofar shekara 18

Wannan ita ce ta tare ɗalibarmu, kuma ita ta shafi abin da ke cikin bidiyon ne. Tsarin ba sabo ba ne a wurinmu. Hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana sanya wa fim alama kamar 12 ko 15 ko 18, Jihar Kano ma tana da tata hukumar tun 2001. Bambancin shi ne, hukuma tana zama ta kalli fim kafin ya shiga kasuwa, shi kuwa YouTube ba shi da wannan dama. Alƙaluman da kamfanin ya bayar a 2019 sun nuna ana ɗora fiye da awa 500 na bidiyo a kowane minti ɗaya. Ku ɗauki biro ku lissafa: abin da ake ɗorawa a rana guda, sai mutum ya shekara fiye da 80 yana kallo ba barci ba tashi kafin ya gama.

Saboda haka dandalin ya kasa bidiyoyi gida uku. Akwai wanda ya karya ƙa'ida ƙarara, shi cire shi ake yi. Akwai wanda kowa zai iya kallo. Sai na tsakiya, wanda bai kai a cire shi ba amma bai dace da kowa ba, shi ne ake rufewa ga duk wanda bai kai 18 ba, da ma wanda bai shiga da asusu ba. Abubuwan da suka fi jawo haka su ne jini da munanan raunuka, kamar hoton haɗarin mota ko na filin yaƙi; tsiraici da rawa ko shigar da aka yi don tayar da sha'awa; shan miyagun ƙwayoyi; yawan ashar da batsa; da kuma wasan ganganci wanda yaro zai iya kwaikwaya ya ji rauni.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi tayar da hankali, domin an yi asarar rayuka a kansa. A farkon 2018 wata gasar wauta ta ɓulla a Amurka inda matasa ke tauna ƙunshin sabulun wanki na injin suna ɗaukar kansu a bidiyo, har wasu suka kwana a asibiti. A watan Janairun 2019 YouTube ya fito fili ya haramta gasa da wasan tsokana masu haɗari. A watan Janairun 2021 kuma wata yarinya 'yar shekara 10 ta rasu a birnin Palermo na ƙasar Italiya, aka danganta mutuwarta da wata gasar shaƙe wuya, lamarin da ya sa hukumar kare bayanai ta ƙasar ta umarci TikTok ya toshe duk wanda ba a tabbatar da shekarunsa ba. Wanda ya ɗora irin wannan bidiyo yana nuna lokacin da ya yi nasara ne kawai, sau nawa ya faɗi kuwa, wannan an yanke. Masana kuma sun tabbatar cewa sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda ke auna haɗari da taka wa mutum birki, yana ci gaba da girma har mutum ya wuce shekara 20.

Akwai kuma masu yaudara. A 2017 aka gano ɗimbin bidiyoyi da aka yi da fitattun 'yan katun da yara ke so, amma cikinsu duka ne da allurai da abubuwan ƙazanta. Uwa ta hango katun a allo ta ci gaba da girkinta, ba ta san abin da yaro ke haɗiya ba. Tun daga lokacin YouTube ke rufewa ko cire duk bidiyon da ya sa rigar yara alhali abin cikinsa na manya ne.

To ina laifin tiyatar zuciya? Babu. Bidiyon yana nuna ƙirji a buɗe da jini, shi ya sa aka rufe shi, amma da yake na ilimi ne sai aka bar shi a dandalin maimakon a cire. Ke nan rufe bidiyo ba ya nufin mugun abu ne. Haka kuma barin bidiyo a buɗe ba ya nufin mai kyau ne, kuma wannan shi ya kamata ku fi riƙewa.

Wa ke yanke hukunci?

Mai bidiyo zai iya rufe nasa da kansa lokacin ɗorawa. Masu kallo ma suna iya kai ƙara, ma'aikatan kamfanin su duba. Daga watan Satumbar 2020 kuma YouTube ya ƙara dogaro da na'ura mai ƙirƙirarriyar basira wajen gano bidiyoyin da za a rufe. Na'ura kan yi kuskure: wani lokaci ta rufe darasin tarihi saboda ta ga gawa, wani lokaci kuma abin banza ya wuce ta gabanta. Duk mai kallon bidiyoyin Hausa ya san akwai zagi da batsa da ke yawo a buɗe ba wanda ya taɓa su, domin waɗannan na'urori sun fi jin Turanci a kan harsunanmu. Don haka kada wani ya ce tunda ba a rufe ba ai ba komai. Tacewa ta ƙarshe tana wurin mai riƙe da wayar.

Masu burin buɗe tasharsu su ma su saurara. Bidiyon da aka rufe yakan rasa talla ko ya samu kaɗan, ba ya buɗewa a yawancin shafukan da ke wajen YouTube, masu kallonsa kuma suna raguwa. Wanda ya cika bidiyonsa da ashar don ya ja hankali, aljihunsa yake yi wa illa. In kuma an rufe maka bisa kuskure, akwai damar ɗaukaka ƙara.

Abin da ƙaryar shekaru ke jawowa

Mu koma kan ƙanin ɗalibarmu. Me ya sa nasa ya buɗe? Kusan na tabbata asusun da ke wayarsa a kasuwa aka buɗe shi. Mai sayar da waya ko mai gyara yana sauri, ga layi, sai ya rubuta 1990 ko 1995 a wurin shekarar haihuwa ya miƙa waya. Daga ranar, a idon YouTube wannan yaro magidanci ne. A cikin su biyun, shi ne abin tausayi.

Ga abin da ya rasa. Tun 2021 Google ya sanya wa asusun 'yan shekara 13 zuwa 17 wasu matakan kariya: bidiyon da suka ɗora yana zama na sirri sai sun buɗe shi da kansu, ana kashe tsarin nan da wani bidiyo ke bin wani ba tsayawa, ana tunatar da su lokacin hutu da na barci, ba a kuma bin su da talla bisa abubuwan da suke sha'awa. A TikTok, wanda bai kai 16 ba asusunsa a kulle yake tun farko kuma ba a iya aika masa saƙon sirri, shirin kai-tsaye sai ɗan 18, sannan tun 2023 ana tsayar da wanda bai kai 18 ba in ya cika minti 60 a rana. Ranar da ka ƙara wa kanka shekaru, duk waɗannan sun tafi. Baƙon da ba ka sani ba zai iya shigo maka ta saƙon sirri, na'urar da ke zaɓo maka abin kallo kuma za ta riƙa kawo maka abin da take kawo wa manya. Ka buɗe ƙofa don bidiyo ɗaya, dubu sun biyo baya, kuma abin da ido ya gani ba shi da maɓallin gogewa.

Sannan ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Agustan 2025 YouTube ya fara amfani da na'ura a Amurka wajen ƙiyasta shekarun mutum daga irin abin da yake nema da wanda yake kallo, ko me ya rubuta a asusunsa. In ta ɗauke ka yaro, sai ka nuna katin shaida ko katin banki ko hoton fuskarka. Birtaniya ta tsaurara tantance shekaru daga watan Yulin 2025, Ostireliya kuma ta hana 'yan ƙasa da 16 mallakar asusu a manyan dandali, har da YouTube da TikTok, daga 10 ga Disamba, 2025. Akwai masu sukar waɗannan matakai, suna cewa miƙa wa kamfanoni katin shaida da hoton fuska shi ma haɗari ne, kuma maganarsu abar dubawa ce. Amma alƙiblar da duniya ta fuskanta a fili take.

Abin yi

Ƙanwata, ki kai wa malaminki ko mahaifiyarki sunan bidiyon, su fara kallo, in sun ga ya dace ku kalla tare a wayarsu. Riba biyu ce, domin akwai mai yi miki bayani. Akwai kuma tashoshin ilimi kamar Khan Academy da ke koyar da aikin zuciya da zane, wanda ma shi ne zai fi yi miki amfani a jarrabawa.

Sauranku kuma, kowa ya shiga saitin asusunsa na Google, sashen bayanan mai asusu, ya duba ranar haihuwar da ke ciki. In ba daidai ba ce a gyara. Asusun wanda bai kai 13 ba dole sai da kulawar iyaye, don haka a sanar da su su haɗa shi da manhajar Family Link, ƙananan yara kuma a sauke musu YouTube Kids. Wayar da gida duka ke amfani da ita, a kunna mata maɓallin Restricted Mode da ke cikin saitin YouTube, yana rage abubuwa da dama ko da yake ba ya tare komai da komai. Ku guji shafuka da manhajojin da ke alƙawarin buɗe rufaffen bidiyo, da yawansu tarkon satar kalmar sirri ne. Kada kuma wanda ya ɗauki katin shaidar babansa ko na yayansa ya ɗora a intanet a ɓoye.

Ku da kuke yayye, nauyin ƙannenku ma yana wuyanku. Kafin ka miƙa wa ƙaramin yaro wayarka don ya yi shiru, ka tuna asusun wa ke ciki. In kuma ka ci karo da abin da ya tayar maka da hankali, ka kai ƙararsa ta maɓallin da aka tanada, sannan ka faɗa wa babban da ka yarda da shi. Ba abin kunya ba ne.

Aikin gida na wannan mako: kowa ya duba shekarar da ke asusunsa, ya rubuto mana abin da ya tarar da kuma wanda ya buɗe masa asusun. Za mu kawo wasu daga cikin amsoshinku ba tare da ambaton suna ba. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.