In Hazo Ya Dawo Bayan An Yi Aikin Ido

A ƙasar Ƙaraye da Rogo mun sha jin ana cewa wai aikin ido na asibiti aron gani ne, in an shekara uku ko biyar sai mai abu ya karɓi abinsa. Dalilin maganar ba ɓoyayye ba ne. Ga dattijo an cire masa yanar ido, ya koma karatun Alƙur'ani da duba gonarsa, bayan ’yan shekaru kuma sai ga shi yana gani dishi-dishi. Ga ƙaramin ma'aikaci ya tara kuɗi ya tafi Indiya ko Masar an yi masa aiki da hasken leza ya jefar da tabarau, yau kuma rubutun takarda na gudunsa. Mu dai a ganinmu wannan magana ta aro ita kanta cuta ce, domin tana hana wanda aka yi wa aiki komawa asibiti, tana kuma tsorata maƙwabcinsa da ba a yi wa ba tukuna.

Ya kamata mu rarrabe tsakanin hazo biyu. Akwai mai sanɗa, akwai mai faɗowa farat ɗaya.

Mai sanɗar nan galibi ba abin tayar da hankali ba ne. In likita ya cire yana, yakan bar siririyar jakar da take ciki don ya zaunar da gilashin roba a gurbinta. Wannan jaka ce kan yi duhu bayan watanni ko shekaru, sai mutum ya zaci yanar ce ta dawo, alhali kuwa yanar da aka cire ba ta dawowa. Maganin abin shi ne a huda jakar da hasken leza, aikin ’yan mintoci, ba yanka ba kwanciya. Shi kuwa wanda aka yi wa leza don ya rabu da tabarau, sai ya san cewa fatar gaban ido kawai aka sassaƙe. Ba a hana shi tsufa ba. Da ya haura shekara 40 zai nemi tabarau na karatu kamar kowa, yana ma kan zo masa a lokacinta.

Hazon da ke faɗowa farat ɗaya shi ne abin tsoro, a nan ne kuma jinkiri ke cin ido. In mutum ya fara ganin walƙiya a gefen ido, ko baƙaƙen ɗigo-ɗigo masu yawa suna yawo kamar ƙudaje, ko wani duhu kamar labule yana rufowa daga gefe, to mai yiwuwa tantanin bayan ido ne ya yage yana ɓallewa. Ba ya ciwo, shi ya sa ake raina shi. Masu gajeren gani mai tsanani sun fi kowa shiga wannan haɗari, kuma leza ba ta rage shi, don ba ta taɓa tsawon ƙwayar ido ba. In kuwa hazon ya zo da jan ido, da ciwon kai, da amai, da ganin bakan gizo kewaye da fitila, sai a ji tsoron hawan jinin ido, wanda in ya kashe jijiyar gani babu likitan da zai raya ta. Mai ciwon sukari ko hawan jini kuma jini na iya zuba masa a cikin ido. Duk waɗannan na ranar ne, ba na jiran a sayar da masara ko a ga ƙarshen wata ba.

To, amma ina mutanenmu ke fara zuwa? Kemis. A ba su maganin ɗigawa ba tare da an duba su ba, wani ma irin wanda in an daɗe ana ɗigawa shi da kansa ke hau da jinin ido. Daga nan sai kwalli, sai ruwan albasa, sai nonon mai jego. Ƙarshe sai masu yawo kasuwa-kasuwa suna ture yana da allura. Binciken makanta na ƙasa da aka yi daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin ’yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama, fiye da mutum 4 a kowane 100 makafi ne, yanar ido ce sanadin kashi 43 cikin 100 na wannan makanta, kuma kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana masu allurar nan ne suka taɓa su, yawancinsu kuwa ba su sami gani mai amfani ba.

Kada mu ɗora wa talaka laifin duka. Masu kawo aikin ido kyauta, ’yan siyasa ne ko ƙungiyoyi, Allah ya saka musu, amma sau da yawa kwana uku suke yi, a ɗauki hoto, su naɗe tabarma. Wanda idonsa ya rikice bayan shekara huɗu wa zai nema? Kano na da Asibitin Ido na ECWA tun 1943, ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, mutumin Rogo kuma Shika ba ta yi masa nisa ba. Sai dai tsoho mai duhu a ido ba ya hawa mota shi kaɗai, sai da ɗan jagora, kuɗin mota ya zama biyu, ga kwana, ga abinci.

Saboda haka muna kira ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da kada ta yarda a yi irin wannan aiki sai an ba kowane majiyyaci kati mai ɗauke da irin aikin da aka yi masa, da ranar, da wurin da zai koma. A kuma tabbata akwai ma'aikacin jinyar ido a babban asibitin kowace ƙaramar hukuma, da abin auna jinin ido, da ikon tura mutum birni a ranar. Mu ɗalibai kuwa, hutu na nan tafe. Kowa ya tambayi tsofaffin gidansu da aka yi wa aiki, ya sa su rufe ido ɗaya su dubi ƙofa, sannan su rufe ɗayan. Wanda ya ce yana ganin walƙiya ko labule, a nemi mota a ranar, ko da kuɗin makaranta za a taɓa.