Gadon jini da ɗakin masu jinya mai tsanani

A unguwar Kusugu ta birnin Daura, kowane yaro ya san asalin gidansu tun daga labarin Bayajidda da rijiya. Akwai kuma wani gadon da ba a lissafa shi a tarihin baka: ƙwayoyin halittar da ke tsara yadda garkuwar jiki za ta yi yaƙi idan ciwo ya kai maƙura. Mutum biyu na iya kamuwa da ƙwayar cuta iri ɗaya, ɗaya ya miƙe cikin mako, ɗayan kuwa garkuwarsa ta wuce gona da iri, ta afka wa huhu da ƙoda da hanta.

Annobar korona ce ta fito da wannan fili. A 2020, binciken GenOMICC na Birtaniya ya danganta ƙwayar halitta ta TYK2 da tsanantar cutar, lamarin da ya ƙarfafa gwajin maganin baricitinib, wanda daga baya ya rage mace-mace.

Mu a Arewa ba baƙon zance ba ne. Binciken zazzaɓin cizon sauro da aka yi a Garki, cikin Jihar Jigawa ta yanzu, a shekarun 1970, ya ƙara tabbatar da cewa mai jinin AS yana da kariya daga wannan zazzaɓi. Amma wanda ya gaji SS, saifarsa kan lalace tun yana ƙarami, don haka cutar da wani zai shanye da allura biyu tana iya mamaye masa jini cikin sa'o'i. Haka lamarin APOL1 yake: ta kare kakanni daga cutar barci ta ƙudan tsando, sai dai tana ƙara haɗarin ciwon ƙoda. Wani bincike a Najeriya da Gana da aka wallafa a 2024 ya gano kusan kashi 30 cikin 100 na mahalarta sun gaje ta ta uwa da uba.

Damuwar ita ce mafi yawan irin waɗannan bincike a kan Turawa ake yin su, magungunan kuma a kan sakamakonsu ake auna su. Dokar gwajin lafiya kafin aure da Kano ta kafa a 2024 ta taɓa sikila, wanda abin a yaba ne, amma ba ta shafi ɗan kasuwar da ke sayar da rumfarsa don biyan kuɗin wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako ba. Asibitocin tarayya na Daura da Katsina na da majinyatan da za a koyi abubuwa da yawa daga gare su, muddin aka ware kuɗin ɗakunan gwaji da adana bayanai.