Adon Sinawa a Ɗakunanmu: Zanen Aro Ba Ya Rufe Katara

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wani yayi da ya kamata mu tsaya mu duba da idon basira. Yau da zarar ɗayanmu ya karɓi albashin fari ya kama gida, sai ka ga ya rataya jar fitilar takarda a falo, ya kafa mafici mai naɗewa a bango, ya girke tulun roba mai hoton dodon Sinawa a kusurwa. Mu dai ba mu ce aro laifi ne ba. Abin da muke ƙi shi ne aron da ba a san ma'anarsa ba, wanda kuma ke kashe sana'ar gida.

Wannan al'amari ba baƙo ba ne. A da, kakanninmu mata da ƙorai masu zane da tasoshin tagulla na Bida suke jere. Sai kwanon langa mai furanni ya shigo, har a wajen shekarun 1960 wasu attajiran Sinawa daga Hong Kong suka kafa masana'antunsa a Nijeriya. Kafin a ankara, darajar amarya ta koma kan yawan langar da aka jera mata, mai zanen ƙwarya kuwa kasuwarsa ta ja baya. Bayan langa tangaran ya zo, yanzu ga roba.

To, su Sinawan yaya suka yi da nasu aron? A ƙarni na 14, maginan birnin Jingdezhen sun riƙa samo shuɗin ma'adinin kobal daga Farisa, suka zana shi a kan farin yumɓunsu, suka fitar da tangaran mai fari da shuɗi wanda duniya ke rububi har gobe. Har manyan farantai suka riƙa ginawa domin ƙasashen Musulmi, inda ake taruwa a ci a akushi ɗaya. Jamusawa ma ba su tsaya ga saye ba, sai da suka gano sirrin, suka buɗe masana'antar Meissen a 1710. Watau kowa ya ara ya sarrafa, mu kaɗai ne za mu ara mu rataya?

Sa'an nan ga batun ma'ana. Adon Sinawa magana ce, ba kwalliya kawai ba. Ja alamar murna ce da sa'a. Dodo mai farata biyar tambarin sarki ne. Harafin nan na "fu", mai nufin albarka, da gangan suke rataya shi a kife, domin a harshensu kalmar kifewa da ta isowa furucinsu ɗaya. Gunkin nan mai tumbi da ke dariya kuwa, siffar wani waliyyin addinin Buda ce. Ashe ba abin kunya ba ne a ce mai digiri ya ajiye abu a ɗakinsa, baƙo ya tambaye shi, ya kasa cewa uffan?

Muna da abin koyi a gida. A 1954 Ladi Kwali ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, wadda yanzu ake kira Suleja. Ta koyi sabuwar dabarar gashi da sa ƙyalli, amma ba ta yar da zanen Gwari na kada da ƙadangare ba. Ga hotonta nan a takardar naira 20.

Saboda haka shawararmu ita ce: wanda ke sha'awar adon Sin, ya sayi abu ɗaya mai kyau wanda ya san tarihinsa, ya fi tarkace goma. Ya ajiye shi kusa da shunin Ƙofar Mata, ai fari da shuɗi ba sa faɗa. Ya haɗa da faifai da tabarma da matashin fata na Sakkwato, domin kuɗin da ya shiga hannun baduku da marini a garinmu zai kwana. Masu nazarin zane da ƙere-ƙere a jami'o'inmu kuma, fasahar za su nemo mana, ba kwalin kaya ba.

Ɗakin mutum shaidarsa ne. Kada baƙo ya shigo namu ya rasa gane ko 'ya'yan wane ne mu. Allah Ya sa mu gane.