Bututun TAZAMA da Abokan Gaban da Ido Ba Ya Gani

A ranar 11 ga Nuwamba, 1965, Turawa 'yan tsiraru da ke mulkin Rodeshiya, wato Zimbabuwe ta yanzu, suka shelanta cin gashin kansu a ƙarƙashin Ian Smith ba tare da yardar Birtaniya ba. Birtaniya ta mayar da martani da takunkumin hana sayar musu da mai. Sai dai wadda ta fi jin jiki ita ce maƙwabciyarsu Zambiya, wadda shekararta ɗaya kacal da samun 'yanci. Zambiya ba ta da gaɓar teku, kuma kusan duk man da take sha ta Rodeshiya yake biyowa. Kafin a ankara, ƙasar da ke tunƙaho da ma'adinin tagulla ta koma ana raba wa masu motoci fetur da awo.

Da farko jiragen saman Birtaniya da Kanada da Amurka ne suka riƙa yi mata jigilar mai. Daga baya aikin ya koma kan manyan motoci masu ɗauko ganguna daga tashar jiragen ruwa ta Darussalam a Tanzaniya, bisa hanyar da galibinta ba kwalta, wadda saboda yawan haɗarinta direbobi suka yi mata laƙabi da jahannama. Wannan wahala ce ta haifi bututun TAZAMA. Wani kamfanin Italiya ne ya shimfiɗa shi, aka buɗe shi a 1968. Tsawonsa kilomita 1,710 ne daga Darussalam zuwa Ndola, faɗin bakinsa kuwa a mafi yawan hanyar inci 8 ne kawai, wato kimanin taƙi guda. Zambiya ke da kashi biyu bisa uku na mallakarsa, Tanzaniya ke da sauran. Tataccen mai ya fara ɗauka, sannan da aka buɗe matatar Indeni a Ndola a 1973 ya koma ɗaukar ɗanyen mai, ya yi shekara hamsin yana wannan aiki.

Babu mai musun cewa Kenneth Kaunda da Julius Nyerere sun yi hangen nesa. Amma duk lokacin da aka tashi maganar irin wannan bututu, hankali yakan tsaya ne ga siyasa da kuɗi: wa ya ba da rance, wa zai karɓi kuɗin fito, me zai faru in maƙwabta suka yi faɗa. Abin da ya kamata a ba muhimmanci daidai da waɗannan, amma ba a cika ambatonsa ba, shi ne abin da ke gudana a cikin bututun kansa, inda wasu halittu da ido ba ya gani ke aikinsu dare da rana.

Ɗanyen mai ba ya zuwa shi kaɗai. Yakan zo da ɗan ruwan gishiri da laka da yashi. Da yake ruwa ya fi mai nauyi, sai ya kwanta a ƙasan bututu, musamman a kwari da wuraren da gudun mai ya ragu. A ƙarƙashin wannan laka babu iskar oksijin, kuma nan ne mazaunin wasu ƙwayoyin bakteriya, irin su jinsin Desulfovibrio. Su ba su bukatar oksijin. A madadinsa suna amfani da wani gishiri mai ɗauke da farar wuta da ke narke a ruwan, su fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Sukan taru su yi yauƙi mai manne wa ƙarfe, kamar dattin da ke taruwa a haƙorin da ba a goge ba, kuma a ƙarƙashin yauƙin ne ƙarfen ke ciwuwa. Ba cin bai-ɗaya suke yi masa ba irin na tsatsar kwanon rufi. Rami suke haƙawa, ƙarami mai zurfi, ta yadda bututu zai iya zama garau a ido alhali saura ƙiris ya huje. Tun 1934 wasu masana biyu 'yan ƙasar Holan suka bayyana hannun waɗannan halittu a lalacewar bututun ƙarfe da ke binne a ƙasa.

Kada a ɗauka wannan matsalar ƙasashe matalauta ce kawai. A watan Maris na 2006, a filin mai na Prudhoe da ke Alaska ta Amurka, fiye da lita 750,000 na ɗanyen mai suka malale ta wata huda da faɗinta bai kai santimita ɗaya ba. Bincike ya nuna laka ta taru a bututun, kuma an yi shekaru ba a share cikinsa ba.

Maganin kuwa sananne ne. Akwai wata na'ura da ake cusawa cikin bututu, mai ya riƙa tura ta tana kankare laka. Injiniyoyi na kiranta da sunan alade, wai saboda ƙarar da take yi. Wani nau'inta na auna kaurin ƙarfe yana tafe, ya nuna inda ya sirance. Ana zuba magungunan kashe bakteriya, ana tsiyaye ruwa daga tankuna, ana kuma ratsa bututun da lantarki mara ƙarfi don kare bayansa daga tsatsa. Duk wannan aiki ne na kullum mai cin kuɗi, kuma ba a gayyatar makaɗa ranar yin sa. Shi ya sa idan aljihun gwamnati ya yi ƙasa, shi ake fara yankewa. Wannan kuskure ne, domin kuɗin kula da bututu ya cancanci a ware shi tun ranar da aka sa hannu kan yarjejeniyar gina shi, a kuma hana kowa taɓawa.

Dalili shi ne asarar ƙasa marar teku ninki biyu ce. Ƙasar da ke bakin ruwa, idan bututunta ya fashe, jirgi zai sauke mata mai a wata tasha. Zambiya kuwa sai ta koma ga tankokin mota masu tafiyar kwanaki, farashi ya tashi, ya shafi mai haƙar tagulla da mai niƙan masara. Sannan ga ƙasar da man ya zuba a kanta, wadda mafi yawanta ta maƙwabciya ce. TAZAMA ya ratsa gonaki da koguna da gandun namun daji na Mikumi a Tanzaniya. Mai yakan toshe ƙofofin iska na ƙasa, saiwa ta shaƙe, tana ta mutu. A ruwa kuma ya shimfiɗu a sama ya hana kifi iska. Abin sha'awa, wasu bakteriyar ne kuma, irin su Pseudomonas, ke cinye man da ya zuba idan aka taimaka musu da taki da kaftu, sai dai aikinsu na watanni ne ko shekaru, manomi kuwa damina ɗaya ya rasa ya shiga uku.

Jamhuriyar Nijar ta shiga sahun masu wannan damuwa, ko da yake nata bututun fitar da mai yake yi. A 2024 ya fara aiki, kusan kilomita 2,000 daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin, kuma a shekarar ce saɓani tsakanin ƙasashen biyu ya tsayar da shi na wani lokaci. Wannan kowa ya ji labarinsa a rediyo. Bututun da aka tsayar kuwa, ruwan da ke cikinsa ya sami damar kwanciya ke nan.

A 2023 Zambiya ta daina tura ɗanyen mai ta TAZAMA, ta mayar da shi na dizal bayan an dakatar da tacewa a Indeni. Hakan ya rage laka, amma bai kori ƙwayoyin ba, domin akwai bakteriya da fumfuna da ke rayuwa daidai inda dizal ya haɗu da ruwa.

Malamin da ke son ɗalibansa su ga wannan da idonsu ba ya bukatar kayan aiki masu tsada. A ɗebo baƙar laka daga ƙasan kududdufi, a cika kwalba da ita, a binne ƙusa da aka goge, a toshe sosai. A ajiye wata ƙusar a kwalbar busasshen yashi. Bayan wata biyu a buɗe su a waje inda iska ke kaɗawa, a kwatanta warin, a wanke ƙusoshin, a duba su da gilashin ƙara girma.